Tubali Uku a Birnin Ƙarƙas

Ranar da guguwa ta sunkuce Bagudu magini daga kan katanga, yana tsakiyar musu da 'yarsa ne, kuma shi ke da rinjaye. Abin da ya fi ba shi haushi ke nan daga baya, don ba a bar shi ya ƙarasa cin nasararsa ba.

'Yar tasa, Laure, malamar Fiziks ce a makarantar 'yan mata ta garinsu. Shekara tara tana koya wa ɗalibai lissafin abin da aka jefa: da wane gudu zai tashi, ina zai fuskanta, ina zai sauka. Uban kuwa shekara arba'in yana kan gini yana cafe tubalin da amininsa Mati ke jefo masa daga ƙasa, bai taɓa lissafa komai ba. To ran nan kafaɗar Mati ta riƙe, ga ɗaki ya kai wuya, Laure kuma tana hutu, sai ta ci ɗamara ta ce ita za ta jefa. Na farko ya daki gindin katanga. Na biyu ya haure kan tsohon ya faɗa gidan maƙwabta, kaji suka watse suna kururuwa.

Bagudu ya riƙe ciki don dariya, ya ce, "Sannu Malama! Wannan a wane shafi yake?"

Laure ta ce, "Baba, lissafina daidai ne, hannun ne bai saba ba."

Ya ce, "Ai na sha gaya miki, takarda ba ta ɗaga tubali."

Mati yana zaune a inuwa yana shafa wa kafaɗarsa man zafi, ya ce, "'Yata, ba jifa ake yi ba. Ajiye masa ake yi a iska. Tubali ya iske hannun magini a gajiye."

Laure ta buɗe baki za ta ce wannan ba magana ce ta ilimi ba, sai ga guguwa ta taso daga busasshen kududdufin da suke haƙar ƙasar gini. Ta yi juyi uku a tsakar gida, ta naɗe Bagudu da hularsa da goron aljihunsa, ta koma kududdufin ta nutse. Ramin da ta shiga ya tsaya a buɗe, baƙi ƙirin.

Laure ta leƙa ramin. Duk musun da suke yi, ba ta da kowa a duniya kamar wannan tsoho mai bakin tsiya. Ta rarumi jakarta mai alli da agogo, ta ce, "Baba Mati, tsare mini bakin ramin nan." Kafin ya ce a'a, ta yi bisimilla ta daka tsalle.

Ta dira a wata ƙasa mai hasken hantsi, amma ba rana a samanta. Itatuwan wurin saiwarsu ce a sama, tsuntsaye suna tafiya a ƙasa suna gaisawa da hannu. Ta ji jikinta sakayau, har gwiwarta da ta daɗe tana damunta ta daina ciwo. Ta ce a ranta, lalle tsoro magani ne, ta kama hanya.

Ba ta yi nisa ba ta iske wata tsohuwa zaune kan turmi tana gyangyaɗi. Igiyoyi ba adadi sun fito daga hannunta, kowace ta tafi ta ɗaure wani abu: dutse, ganye, tsuntsu, har da ƙafar Laure. Laure ta ce "Sannu Inna" a tsaitsaye, ta wuce.

Tsohuwar ta buɗe ido ɗaya, ta ce, "Ke 'yar Adam, haka ake gaisuwa a garinku? Ba kya tambayi gajiyata ba?"

Laure ta ce, "Sauri nake, Inna, sai na dawo."

Tsohuwar ta ce, "Sauri ya haifi nawa," ta koma barcinta.

Gaba kaɗan sai ga kogi, amma na kunu ne, yana tafasa yana tururi. Gadarsa tana naɗe a ɗaya gaɓar. A wannan gefen wani aljani ne mai wuya kamar tabarya, riƙe da ƙugiya mai igiya.

Ya ce, "Ya ke 'yar Adam, ni ne Dogo mai tsaron Kogin Kunu. Ba mai wucewa sai ya jefa ƙugiyar nan ta kama gada ya jawo ta. Shekara ɗari bakwai ina jefawa, kunu kawai nake kamowa."

Ta ce, "Jefa in gani, ya kai Dogo."

Ya wurga ta a miƙe, daidai ƙirjinsa. Ƙugiya ta tafi tana sunkuyawa har ta nutse a tsakiya. Laure ta ce, "Me ya hana ka ɗaga hannu sama kaɗan?"

Aljanin ya ja da baya kamar an zage shi. Ya ce, "Tir! Ni ɗan ɗarikar Ta-Gaba ne, gaba muke jifa. 'Yan Ta-Sama su ke jefawa sama, abin ya dawo ya fasa musu kai. Ba ma haɗa hanya da su."

Nan fa malanta ta motsa. Laure ta karɓi ƙugiya, ta saita hannunta rabi da rabi tsakanin sama da gaba, digiri arba'in da biyar, kusurwar da ta fi kowace kai jifa nesa. Ta saki. Ƙugiyar ta tsallake kogin, ta tsallake gadar, ta tsallake wata kuka a bayanta, sai da aka jawo ta baya kafin ta kama. Laure ta dubi damtsenta ta ce, "Ashe ina da hannu haka! Da Baba ya gani." Mai hankali da ya tsaya ya tambayi kansa yadda aka yi macen da ta kasa kai tubali kan katanga ɗazu ta yi wannan jifa. Ita dai ta taka gada tana taƙama.

Ta ratsa kasuwar da ake sayar da atishawa a cikin gora, ta bi ta wata unguwa inda gidaje ke matsawa su ba mutum hanya, sai ga ta a gaban Birnin Ƙarƙas. Ganuwarsa ta tashi santal, gwalalo cike da ruwa ya kewaye gindinta. Can a ƙololuwa akwai wata kafa, gurbin tubali ɗaya tak, iska tana busowa ta ciki tana fito. Kusa da kafar ga Bagudu zaune ya saki ƙafafu yana cin goro.

Ya hango ta, ya yi kira, "Laure! Wa ya aiko ki? Kin rufe tubalan nan da tabarma kuwa?"

Hawaye suka zo mata, dariya ta kore su.

A bakin gwalalo aka kafa wa sarkin birnin rumfa. Sarki Gundumi ke nan, ƙato ne, ya lulluɓa da barguna tara, hancinsa ja wur. Laure ta durƙusa ta yi gaisuwa, ta ce, "Ranka ya daɗe, ubana na zo ɗauka."

Sarkin ya yi atishawa, fadawa uku suka faɗi. Ya ce, "Ya ke 'yar magini, saurara. Shekara ɗari bakwai da tubalin can ya faɗo, tun ran nan iskar kafar take hura mini kunne, mura ba ta sake ni ba. Ganuwarmu ba ta karɓar tsani, ba ta yarda a hau ta da kaya. Sai dai a jefa ɗanyen tubali daga nan, magini ya cafe ya dasa, shi ya sa na aika guguwa ta ɗauko ubanki. Ƙasar da ake yin irinsa ta ƙare, uku suka rage. In ɗaya ya shiga, ki tafi da ubanki. In ukun suka lalace, zai jingina bayansa ya toshe kafar har abada, mu kuma mu riƙa ba shi abinci mai kyau."

Bagudu ya yi kira daga sama, "Kar ki yarda da zancen abincin, na ɗanɗana!"

Laure ta tambayi awo. Aka ce daga hannun mai jifa zuwa hannun magini kamu arba'in ne a tsaye, faɗin gwalalo kuma kamu ashirin da huɗu. Ta mayar da su mita: ashirin sama, goma sha biyu gaba. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ba ɗan Adam da zai kai tubali can da damtsensa."

Sarki ya tafa. Sai ga iskoki biyu tagwaye, mata, kowace ta juya wa 'yar'uwarta ƙeya. Ta-Gaba siririya ce, idonta a kan hanya. Ta-Sama gajera ce, haɓarta a ɗage. Ba su da hannu, hurawa suke yi, kuma hurawa ɗaya tak, a lokacin da tubali ke barin tafin mai jifa.

Ta-Gaba ta ce, "Ya ke 'yar Adam, gudun da na ba abu, da shi zai tafi, ba ragi ba ƙari. Amma ki sani ba na magana da waccan."

Ta-Sama ta ce, "Ni kuwa nawa gudun a hanya ake cinye shi. Kuma ki gaya wa waccan ni ma ba na magana da ita."

Laure ta ji daɗi har cikin ranta, don abin da take rubutawa a allo duk shekara ke nan, yau ga shi da ɗankwali. Ta ce, "Ku kwantar da hankalinku, ba sulhu na zo yi ba. Kowace ta yi aikinta, kada ta dubi ɗaya. Abu guda ne ya haɗa ku, lokaci. Tare za ku hura."

Tagwayen suka ga ba a taɓa mutuncin kowa ba, suka yarda.

Laure ta ɗauki tubali na farko. Tsoron kada ya gaza ya kama ta, sai ta auna hannun ubanta kai tsaye, ta ce su hura da iyakar ƙarfinsu, Ta-Sama kashi biyar, Ta-Gaba kashi uku. Alkibla ta yi daidai. Tubalin ya tafi fiu, ya sami tafin Bagudu, ya tarwatse ya bar shi da ƙura a gemu.

Tsohon ya yarfe hannu yana cewa, "Wayyo! Ke gini muke yi ko yaƙi?"

Saura biyu. Laure ta zauna a ƙasa. Maganar Mati ta faɗo mata: tubali ya iske hannun magini a gajiye. Ta daki goshinta. Ai wannan shi ne ƙololuwar jifa, inda gudun hawa ya ƙare sarai, faɗowa kuma ba ta fara ba. Shekara tara tana koyar da shi, ba ta taɓa lura cewa shi Baba Mati yake yi da kafaɗarsa ba.

Ta ciro alli, ta sami faffaɗan dutse. Fizgar ƙasa tana cinye mita goma daga gudun hawa kowane sakan, wannan ko a barci aka tashe ta za ta faɗa. In tubali ya tashi da ashirin, sakan biyu ya gaji, kuma a sakan biyun ya hau mita ashirin cif. Gaba kuwa, goma sha biyu a sakan biyu, shida ke nan. Ta duba sau uku, ta miƙe da ƙarfin gwiwa.

Ta ce, "Ta-Sama, ashirin. Ta-Gaba, shida. Bisimilla!"

Tubali ya tashi. Ya kai daidai hannun Bagudu tun bai iso ganuwa ba, bai ko nuna alamar gajiya ba. Ya wuce can saman kansa yana ta hawa, ya yi ƙanƙane, ya ɓace a bayan birni. Bayan wani lokaci aka jiyo ƙarar tukunya da zagin wata aljana.

Saura ɗaya. Laure ta koma kan dutsenta. Ta sake bin lissafin, ba kuskure ko ɗaya, abin da ya fi tsorata ta ke nan. Ta ɗaga kai ta dubi ubanta, ta tuna bayansa da ke ciwo duk damina, ta ga shi jingine da wannan kafa mai iska shekara da shekaru.

Shi kuwa gogan dariya yake, don ya lura ta tsorata, kuma ba shi da wata hanyar lallashi sai tsiya. Ya ce, "Malama, wannan ma gidan maƙwabta ya tafi! Ki tambaya ko suna da kaji!" Yana cikin ƙyaƙyatawa goron hannunsa ya suɓuce.

Laure ta bi goron da ido. Yana saukowa a hankali, kamar tsohuwa tana sauka daga kan jaki. Ta yi tsalle ta miƙe.

"Baba! Kana da wani goron?"

"Saura ɗaya, kuma ba na kyauta ba ne."

"Don Allah sake shi in na ce yanzu. Kar ka jefa, saki kawai."

Ya yi gunaguni, ya saki. Ta kafa wa agogo ido. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, sannan goro ya taɓa ruwa. A gida, faɗowar mita ashirin sakan biyu ce. Nan ta tuna gwiwarta da ta daina ciwo, da ƙugiyar da ta tsallake kuka, da tsohuwa mai igiyoyi tana gyangyaɗi. Ashe ita ce mai fizgar, kuma a nan ba ta ja da goma. Laure ta ɗauko goman makarantarsu ta kawo ƙasar mutane ba ta tambaya ba. Kunya ta kama ta, amma ba lokacinta ba ne.

Ta goge dutsen da gefen zaninta. Lokacin da abu zai ɗauka ya faɗo, shi zai ɗauka ya hau ya gaji, sakan huɗu ke nan. Mita ashirin a sakan huɗu, matsakaicin gudu biyar. Tunda a sifiri zai ƙare, sai ya fara da ninkinsa, goma. Gaba kuwa, goma sha biyu a sakan huɗu, uku. Ta zana alwatika a kan dutsen, taƙi goma a tsaye, taƙi uku a kwance, ta ja layi ta haɗa bakinsu. Wannan karkataccen layin shi ne ainihin tafiyar tubalin: tsawonsa goma da 'yan kai, ya miƙe kusan tsaye, digiri saba'in da uku. Ta kafa gora a kan wannan karkata don ta saita hannunta.

Ta-Sama ta leƙa, ta ce, "Goma kacal? Raina ni kika yi?"

Ta-Gaba ba ta waiwayo ba, ta ce, "Wasu ma uku aka ba su, ba su yi ƙorafi ba."

Laure ta ce, "Ranku ya daɗe, yau ba ƙarfi ake nema ba. Ajiyewa za mu yi."

Ta ɗauki tubali na ƙarshe. Ta yi addu'a, ta ɗaga shi bisa layin gora, ta ce, "Yanzu!"

Tubalin ya tashi. Ɗaya. Fadawa suka ɗaga kai. Biyu. Ya wuce tsakiyar gwalalo yana rage gudu. Uku. Sarki ya toshe hancinsa da bargo don kada atishawa ta ɓata aiki. Huɗu. Tubalin ya daina hawa daidai ƙirjin Bagudu, ya matso a hankali ya kwanta a tafinsa, ko ɓarɓashi bai zuba ba.

Tsohon ya riƙe shi da hannu biyu. Ya juya ya dasa tubalin, ya shafe gefensa da babban yatsa. Fiton iska ya ɗauke. Sarki Gundumi ya ja numfashi ta hanci, karo na farko cikin shekara ɗari bakwai, ya yar da barguna tara ya kama rawa. 'Yan Ta-Gaba da 'yan Ta-Sama suka rungumi juna, sannan suka tuna, suka saki juna da sauri.

Sarki ya ce, "Ya ke 'yar magini, alkawari kaya ne. Ɗauki ubanki. Amma hanyar fita ɗaya ce, ramin da kuka shigo, kuma sai dai a jefa ku."

Guguwa ta sauko da Bagudu, tagwaye suka rako su. Da suka iso wurin tsohuwa mai igiyoyi, Laure ta cire takalmi, ta durƙusa har ƙasa. Ta ce, "Inna, barka da hutawa. Ina gajiya? Ina aiki? Yaya hannu?"

Tsohuwar ta buɗe ido biyu, ta yi murmushi. Ta ce, "Yanzu kika zo. Ni ce Inna Jawo. A garinku ina ja da goma, ba dare ba rana, don ku 'yan Adam ba ku zama wuri ɗaya. Nan gidana ne, biyu da rabi nake ja, ina hutawa. Da kin tambaya ɗazu, da tukunyar baiwar Allah da kika fasa tana nan." Ta gaya mata daga inda take ƙara ƙarfi a cikin ramin, taki-taki, Laure tana rubutawa a kan wani dutse.

Da ta gama lissafi, Bagudu ya leƙa dutsen ya ce, "Kin tabbata? Yau mu ne tubalan."

Ta ce, "Riƙe hularka, Baba."

Tagwaye suka hura. Uba da 'ya suka tashi cikin ramin hannu a hannu, gudunsu yana raguwa, haske yana matsowa, har suka tsaya cak daidai bakin kududdufi. Mati yana nan inda aka bar shi. Ya miƙa lafiyayyen hannunsa ya jawo su kan tudu, ramin ya rufe a bayansu.

Mati ya dube su sama da ƙasa, ya ce, "Wa ya jefo ku? Wannan ya iya aiki."

Bagudu ya kakkaɓe rigarsa, ya ce wai shi yunwa yake ji.

Kafin kafaɗar Mati ta warke, Laure ce ta ƙarasa jefa tubalan ɗakin, ba iska ba aljan. Ta fasa goma sha ɗaya, kajin maƙwabta suka koyi gudu da zarar sun ga ta ɗaura ɗamara, amma daga baya hannu ya saba. Da aka zo yaɓe, Bagudu ya hana kowa taɓa saman ƙofa. Magina sukan yi ado a wurin, wani ya zana dagi, wani takobi. Shi kuwa ya wuni yana murza laka da yatsa, ya fitar da wata siririyar alwatika, goma a tsaye, uku a kwance.

Masu wucewa suka riƙa tsayawa suna tambaya, "Bagudu, wannan wane irin zane ne? Ba mu san shi ba."

Yakan gyara hula ya ce, "Ba za ku sani ba, sai an yi karatu. Hanyar da 'yata ta bi ta dawo da ni gida ke nan."

Laure ta ji shi sau ɗaya daga cikin ɗaki, ta yi kamar ba ta ji ba, don ta san in ta fito zai ce takarda ba ta ɗaga tubali. Kududdufin yana nan har yau, wanda ya ƙaryata ya je ya daka tsalle, amma ya gai da tsohuwa.